Asabar a rumfar Kawu mai keke

Sanyin hunturu ya hana ni komawa barci bayan sallar asuba, sai na ce bari yau in cika alkawarin da na yi wata uku ina ɗagawa. Na shiga ɗakin shirgi, na janye buhunan shinkafa biyu, na fito da keken marigayi Baba. Tun ranar da ƙafa ta hana shi hawa yake jingine a wurin. Tayoyin sun sace sun tsattsage, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin wayoyin ƙafa, sirdin ya bushe kamar ƙilishin bara. Inna tana bakin murhu tana dama koko. Ta dube ni, ta dubi keken, ta ce, "In 'yan gwangwan za ka kai ma shi, mai da shi inda ka ɗauko shi." Sai da na rantse mata gyara zan kai shi sannan ta miƙo mini kofina.

Turawa ba za ta yiwu ba, don haka na tari mai Keke Napep daga Badariya zuwa Makerar Gandu, a nan Birnin Kebbi. Ya yi ta dariya a hanya, wai yau ya ɗauki keke a cikin keke.

Rumfar Kawu ba ta da wani fasali: kwano huɗu, benci biyu, tsohon baho na ruwan duba faci, da akwatin ƙarfe da ba ya yarda kowa ya sa hannu a ciki. Ba kawuna ba ne na jini, duk unguwar haka ake kiransa. A nan muke haɗuwa ranar Asabar, mu biyar ko shida da ciwon tsofaffin kekuna ya kama. Akwai Malam, tsohon hedimasta, mai Hercules baƙi wanda yake gogewa kamar takalmin Sallah. Akwai wani ɗan saurayi ɗalibin jami'ar da ke hanyar Kalgo, muna ce masa Ɗalibi, shi keken tsere gare shi. Ni ne kaɗai nake zuwa hannu rabbana, ina shan shayinsu ina ba su labarin keken da ba su taɓa gani ba. Yau dai bakin kowa ya mutu.

Kawu bai ce komai ba da farko. Ya tofa yawu a babban yatsa ya murza tambarin da ke gaban keken, kan zarɓen nan na tagulla ya fito. "Wanga Rali na, na gaske," in ji shi. Raleigh ke nan, kamfanin birnin Nottingham na Ingila, wanda sunansa ya zama kamar sunan keke kansa a ƙasar nan, har suka kafa masana'anta a Kano. Daga nan ya tsuguna wajen ƙafar baya, ya ɗebo kananzir a tsumma ya goge cibiyar. Ashe duk shekarun nan akwai rubutu a ƙarƙashin dattin: Sturmey-Archer, sai haruffa AW, sai lambobi 74 da 11. Malam ya gyara tabarau ya yi mini bayani irin na aji. Kamfanin yana buga shekara da watan da aka ƙera cibiyar a jikinta, wato wannan ta Nuwamban 1974 ce.

Nan jikina ya yi sanyi, domin Inna ta sha gaya mana cewa da kuɗin Udoji Baba ya sayi keken, ƙarin albashin nan da aka biya ma'aikata da ariyas a farkon 1975. Ni a raina na ɗauka irin lissafin tsofaffi ne, komai a jingina shi da wani babban abu da ya faru. Ga shi ƙarfe ya ba ta gaskiya. Lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ta koma Jihar Sakkwato, a 1991 aka yi Jihar Kebbi. Keken ya zauna a jiha uku bai bar gari ɗaya ba. A ƙarƙashin sirdi ma mun tarar da ɗan guntun ƙarfe na lasin, lambar ta cinye ba ta karantuwa. Ɗalibi ya ƙi yarda cewa keke ma ana yi masa lasin, sai da Malam ya ce masa har gobe tsarin mulkin 1999 ya lissafa lasin keke da kwalekwale da baro cikin ayyukan ƙananan hukumomi.

Taya da tub ba su ba mu wahala ba. Ƙafar mai inci 28 ce, irin ta Phoenix na Sin da Hero na Indiya da suka cika kasuwa, an aiki yaro ya sayo ya dawo kafin shayi ya huce. Robar birki ma haka. Birkin na sanda ne, ba na waya ba, Kawu ya ɗan miƙe sandunan da guduma, shi ke nan.

Inda rana ta tafi shi ne kusar feda. Hannun feda na irin waɗannan kekuna ba a ɗaure yake da noti kai tsaye ba. Wata kusa ce mai gefe ɗaya a fafe ake kafawa ta ratsa shi ta riƙe sandar tsakiya, sai a ɗaure ƙaramin noti a ɗaya bakin. Shekara hamsin da tsatsa sun mai da ita da hannun fedar abu guda. Ni da gaggawata na ɗauki guduma zan fara bugu, Kawu ya riƙe mini hannu. "Mi kaka yi? In ka buga shi hakanan, boris ɗin ciki ka kashe." Ya sassauta notin har ya yi daidai da bakin kusar don kada zaren ya lanƙwashe. Ya ɗauko guntun bututun ƙarfe ya kafa shi a ƙasa, ya tokare hannun fedar da shi ta yadda kusar za ta faɗa cikin ramin bututun, nauyin bugun kuma ya tafi ƙasa maimakon ya shiga cikin keken. Ya ɗiga kananzir, ya koma ya zauna ya ci goro. Na ce, "Kawu, ba za a buga ba?" Ya ce a bar ta ta sha. Sai bayan kusan rabin awa ya tashi, ya daidaita guduma, ya yi bugu ɗaya mai nauyi. Ta dama ta faɗo cikin bututun, ƙwal. Ta hagu kuwa ta ƙi, ta lanƙwashe, sai da aka kai wa mai walda na gefe ya huda ta. Awa biyu a kan ƙarfen da bai kai ɗan yatsana tsawo ba.

Da aka buɗe tsakiyar, giris ɗin ya zama kamar busasshen kwalta. Kawu ya zazzage ƙwallayen boris a murfin gwangwani yana ƙirgawa, sha ɗaya kowane gefe, babu wanda ya ɓata. Ya wanke kofunan ya ɗaga su ga rana yana juyawa. Na ce in sun lalace ai sai mu sayi sababbi. Ya girgiza kai. Raleigh na wancan zamani da nasu zaren suke yanka wa, 26 a kowane inci, alhali yawancin na kasuwa 24 ne. Sabon zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, in ka matsa masa da ƙarfi ka cinye zaren jikin keken, ka yi asarar da ba ta da magani. Ya ce ya ga kekuna da yawa da yaran gyara suka kashe ta haka. Allah ya taimake ni nawa ba su rarake ba, aka sa sabon giris aka mayar.

Cibiyar giya ita ce ta fi burge ni, ko da yake Kawu bai yarda ya warware ta duka ba yau. Giya uku ne a ɓoye cikin gwangwanin ƙarfe, ƙura ba ta shiga, ruwa ba ya shiga. A ciki akwai ƙananan haƙora huɗu da ke kewaya wani na tsakiya. Giya ta biyu kai tsaye take, ta ɗaya tana rage kashi ɗaya cikin huɗu don hawa tudu, ta uku tana ƙara kashi ɗaya cikin uku don miƙaƙƙiyar hanya. Wata 'yar sarƙa ce siririya ke fitowa ta bakin sandar ƙafa, ita waya ke ja daga hannu. Tun 1936 ake yin wannan samfurin. Tamu ta ƙi motsi sam. Kawu ya buɗe ɗan murfin zuba mai ya shinshina, ya ce wani ya taɓa zuba mata man gyaɗa. Na yi shiru, don na tuna sarai wanda ya yi wannan aika-aika yana aji biyu na sakandare, da niyyar taimako. Man gyaɗa in ya daɗe daskarewa yake ya zama danƙo. Muka yi ta ɗura kananzir muna juya ƙafar yana fitowa ja, har ya fara fitowa fari, sannan aka ɗiga man keken ɗinki. Da Kawu ya juya feda sai ga ƙarar nan, tik tik tik, a hankali. Rabona da jin ta tun ina zama a kan sandar gaba.

Muka tashi sallar azahar, muka dawo da ƙosai da ya kwana a hannun mai suya, ba laifi.

Bayan nan aka shiga gardamar fenti. Gaskiya da kuɗin fenti na fito a aljihu. Niyyata a kankare shi tas, a fesa baƙi mai sheƙi, a manna sababbin takardun ado. Ɗalibi yana bayana, ya ce ya san mai fesawa. Malam ya ce in na yi haka na mai da shi kamar kowane keke na kasuwa. Kawu ya ce keke nawa ne, kuɗi nawa ne, amma kafin in yanke shawara in ɗauki tsumma da ɗan mai in goge bututun ƙasa. Na goge. A ƙarƙashin ƙurar sai ga siririn layin ruwan zinariya da aka ja tun daga masana'anta, ya dushe amma yana nan. A sandar sama kuma akwai wuri kamar faɗin tafin hannu da fentin ya cinye har ƙarfe ya fito fari, daidai inda Baba yake naɗa ɗan tawul ya ɗora ni in za mu makaranta. Kariyar baya ta karkace hagu saboda jakar takardunsa kullum a nan take rataye. Mai fesawa ba zai san da wannan ba, sanfefa zai sa ya bi ta kai. Na mai da kuɗina aljihu. Za a cire tsatsa inda ta ci, a shafa mai, a bar sauran yadda yake. Ɗalibi ya ce tsufa ne ya fara kama ni.

Shi ma nasa abin kallo ne, kada in rage masa. Peugeot ne, Fijo dai irin na mota, da zakinsa a gaba, fari, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. A cikin kayan gwanjo da ke shigowa ta Kamba ya tsince shi, mai sayarwa bai san darajarsa ba. Giya goma, ana canzawa da 'yan hannuwa biyu a bututun ƙasa, babu ƙas-ƙas, da kunne da ji ake daidaitawa. Yana alfahari da cewa a kan Peugeot Bernard Thévenet ya ci tseren Tour de France a 1975 da 1977, kamar tare suka yi. Amma wahalarsa ta fi tawa. Komai nasa awon Faransa ne, kusar fedarsa milimita 9 ce, tawa 9.5, ko ita sai an goge masa da zarto. Abin canja giyarsa na Simplex rabinsa roba ce, ta riga ta tsage, ya ɗaure da waya. Da hannu ɗaya nake ɗaga kekensa, nawa kuwa sai na yi bismilla.

Sirdin Brooks ne na fata. Kawu ya hana a taɓa notin da ke ƙarƙashin hancinsa, ya ce busasshiyar fata in ka ja ta yagewa take. Ya shafa ɗan kitse ta ciki, ya ce in bar shi ya sha kwana bakwai, ya ara mini wani sirdin roba mai muni.

Bayan la'asar muka fita gwaji, mu huɗu, ta hanyar Ambursa. Hazo ya rufe gari, rana ta yi ja kamar garwashi. Mutane suna ta kallonmu, wani mai babur ya rage gudu ya tambaya ko na sayarwa ne. Kawu dama ya ce tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ake ta fito masa da kekunan da aka manta a ɗakuna. Raleigh nauyi gare shi wajen tashi, amma in ya ɗauki hanya sai ka ji kamar shi ke tafiya da kai, kana zaune a miƙe kamar mai hawan doki. Ɗalibi ya wuce mu fuu har ya ɓace. Muka same shi gaba kaɗan a gefen titi yana cire tsidau daga siririyar tayarsa, don ya sauka kwalta ya ba wata tirela hanya. Malam bai ce uffan ba, ƙararrawa kawai ya kaɗa masa muka tsaya jiran faci.

A dawowa giya ta uku ta zame mini, fedar ta tafi a banza, saura kaɗan in daki sandar. Kawu ya ce wayar ce ba ta daidaitu ba, akwai wani gurbi tsakanin ta biyu da ta uku da ba ya kama komai, in kawo shi Asabar mai zuwa. Na ƙarasa gida a ta biyu.

Ana kiran magariba na shigo da shi zaure ina turawa. Inna tana alwala a tsakar gida, ba ta juyo ba, ta ce, "Tun daga waje na ji ƙarar nan." Da ta idar da salla ta zo ta dafa kariyar, ta tambaya ina sirdinsa. Na ce yana wurin Kawu yana shan mai. Ta ce to kada ya kwana biyu a can, kuma fitilarsa tana cikin tsohuwar adakarta, in tuna mata da safe. Har yanzu baƙin mai bai fita daga farcena ba, na wanke da omo sau uku.