Tambayoyin Elizabeth Hawley da Kuskuren da Na Yi

Matasa masu shiga aikin jarida, ina so ku san Elizabeth Hawley, Ba'amurkiyar da aka haifa a 1923, wadda ta tare a Kathmandu, babban birnin Nepal, a 1960, ta kuma zauna can har rasuwarta a 2018 tana da shekara 94. Ta yi wa kamfanin dillancin labarai na Reuters aiki, kuma tun lokacin da tawagar Amurkawa ta hau dutsen Everest a 1963 ta duƙufa kan labarin masu hawan duwatsun Himalaya, alhali ita kanta ba mahayiya ba ce.

Ba ta karɓar maganar fatar baki. Duk tawagar da ta sauka Kathmandu sai ta bi ta har masauki, kafin tafiya da bayan dawowa, tana tambayar ranar da aka kai ƙololuwa, da abin da aka gani a can, da ko an yi amfani da iskar oksijin ta kwalba, sannan ta gwada amsoshin da hotuna da bayanin 'yan ƙabilar Sherpa masu rakiya. Idan maganganu suka ci karo takan rubuta cewa ana jayayya, kamar yadda ta yi kan iƙirarin Oh Eun-sun ta Koriya ta Kudu cewa ta kai ƙololuwar dutsen Kangchenjunga a 2009.

A farkon aikina akasin haka na yi. Wani ya ba ni labarin bajintarsa, na buga saboda yana da iya magana kuma ina gaggawar riga abokan aiki, ban nemi waɗanda suka ɗauki nauyin wahalar ba. Da suka musanta, ba ni da abin nunawa, domin ko littafin da na yi rubutu ban adana ba. Haƙƙinsu na tauye, kuma abin yana damuna har yau.

Saboda haka ku tambayi na ƙasa kafin ku yarda da na sama, ku maimaita tambaya ko da za a ce kun cika naci, kuma kada ku ji kunyar rubuta cewa ba a tabbatar da magana ba. Ku adana rubutunku da kwanan wata. Takardun da Hawley ta tara su ne suka zama rumbun bayanan hawan duwatsun Himalaya mai suna Himalayan Database a 2004, wanda mataimakiyarta Billi Bierling ta ci gaba da jagoranta bayan Hawley ta ajiye aiki.