Godiya ga iyayenmu da suka dawo hoto karo na biyu

Alhamdulillahi, jiya na kare kundin bincikena kuma an karɓa. Na ga saƙonninku na taya murna, na gode ƙwarai. Amma akwai waɗanda haƙƙinsu ke wuyana, dole in ambace su.

Na farko su ne iyayenmu dattawa da suka yarda aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Abin da muke aunawa fararen tabo ne da ke fitowa a hoton MRI (hoton cikin jiki da na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka), a farin sashen ƙwaƙwalwa inda jijiyoyi ke kai saƙo daga wannan ɓangare zuwa wancan. Galibi lalacewar ƙananan hanyoyin jini ke jawo su, tsufa da hawan jini ne kan gaba, kuma idan suka yawaita sukan zo da mantuwa, rashin ƙarfin tafiya da haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Hoto ɗaya ba ya nuna ko tabon na ƙaruwa, sai an sake wani bayan shekaru an gwada. Da ba ku dawo ba, da babu abin da zan auna. Kun dawo, kun kwanta cikin na'ura mai ƙarar tsiya ba motsi, wasunku da ciwon baya. Wata Inna ta riƙe hannuna kafin a shigar da ita ta ce, "Ɗana, in tari ya taso mini, in danne ne?" Haka ta daure har aka gama, hotonta ya fita tas. Allah ya saka muku da alheri, ku da 'ya'yan da suka bar ayyukansu suka kawo ku.

Ma'aikatan ɗakin hoto, na gode. Ku kuka riƙa sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, kuna gyara kwanciyar kai ta dace da ta karon farko, kuka kuma tsaya kan na'ura ɗaya da saiti ɗaya.

Sai malamina mai duba aikin. Shi ya nuna mini iyakar ma'aunin Fazekas na 1987, wanda ake kimanta yawan tabon da shi, mai matakai daga 0 zuwa 3: wanda ya kai mataki na 3, ko tabonsa ya ninka, lambar ba za ta motsa ba. Don haka muka koma auna girman tabon da mililita. Bai yarda in dogara da kwamfuta kaɗai ba. Ya sa na bi hotunan FLAIR, wato nau'in hoton MRI da ke fito da tabon sarai, yanki-yanki, domin kwamfutar takan ɗauki tsohon gurbin da toshewar hanyar jini ta bari a ƙwaƙwalwa ko inuwar motsi a matsayin sabon tabo. A ganina wannan tsananin nasa shi ne ƙashin bayan aikin, saboda bambancin da ake nema ƙanƙane ne. A binciken SPRINT MIND na Amurka da aka wallafa a 2019, tabon waɗanda aka matsa wa saukar da hawan jini ya ƙaru da mililita 0.92, na sauran kuma da 1.45. Ɗan karkacewar kai kaɗai na iya haɗiye irin wannan tazarar.

Wasu daga cikin iyayen namu sun rasu kafin hoto na biyu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Waɗanda ke raye kuma, ina shirya muku bayanin sakamakon cikin harshe mai sauƙi, zai iso muku ta hannun likitocinku in sha Allah.