Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da muka zagaya Dutsen Fasnet

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya ne a inda muka baro garin Kawis na Ingila ranar 22 ga Yuli 2023 a gasar tseren jiragen ruwa ta Fasnet, wadda ake zagayo Dutsen Fasnet da ke kudu da Ailan a ƙare a Faransa, jirage 430, iska na bugo mu ta gaba ruwa kuma na janyewa, har teku ya tashi tsaye kaman bango. Jirage da yawa a daren farko suka haƙura suka nemi tasha. Mu dai Allah ya sa mun rage ƙyallen iskanmu tun da wuri, shi ya cece mu.

To abin da ban faɗa muku ba shi ne, namu jirgin mita 10 ne kacal, kuma daga ni sai maigidana. In ku biyu ne a jirgi ba kwa ganin juna fa, yana sama yana tuƙi ina ƙasa ina barci, bayan awa biyu ya taɓa min ƙafa in tashi shi ya kwanta, wurin ma bai huce ba. Hirarmu duka ba ta wuce "iska ta juya", "kin ci wani abu?", "ɗaura igiyarki". Wannan ta ƙarshen kuwa alkawari ne muka yi tun a gida, ba wanda zai kwance igiyar da ke haɗe da rigar cetonsa in ɗayan na barci, ko me ya faru, don in ka faɗa ruwa da dare babu mai jin ihunka.

Da muka wuce ƙarshen ƙasar Ingila muka shiga Tekun Keltik, kusan mil 170 ba tudu ba tsibiri, sai na'urar da ke riƙe mana sitiyari ta mutu. Ruwan gishiri ne ya shiga wayoyinta. Baban yara ya kwanta rub da ciki da tocila a baki ya fi awa yana fama, da ya ɗago na ga hannunsa na rawa, idonsa jawur, kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

Ya ce, "Hajiya, ko mu juya?"

Na ce, "Baban yara, je ka kwanta, in ka tashi ma yi maganar."

Wallahi ni ma tsoro nake ji. A wannan ruwan ne a 1979 guguwa ta afka wa gasar, cikin jirage 303 da suka tashi, 'yan gasa 15 suka rasu, kuma tun daga nan aka tsaurara dokoki, shi ya sa mu ma sai da muka yi horon ceton rai muka kuma yi tseren mil 300 tare kafin a yarda mu shiga. Duk wannan na raina ina riƙe da sitiyari. Awa huɗu na bar shi maimakon biyu. Yatsuna sun ƙage, leɓena ya tsage da gishiri, raƙuman ruwa ba na ganinsu sai dai in ji jirgin ya ɗaga ya sauka, bakina kuwa ba abin da yake sai Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Ta ƙofar ɗaki ina hango tafin ƙafarsa cikin jar fitila, ko takalmi ɗaya bai iya cirewa ba.

Can na ga wani ɗan haske fari ya ƙifta ya ɓace. Na ƙirga, daƙiƙa biyar, ya sake. Fitilar Fasnet ce, hasumiyar dutse da aka gama a 1904, mutanen Ailan suna ce wa wurin hawayen ƙasarsu saboda shi ne abu na ƙarshe da masu ƙaura zuwa Amurka ke gani. Ban tashe shi ba sai da hasken ya fara share mana ƙyalle. Ya hauro, kafin ya ce komai sai da ya maƙala igiyarsa kusa da tawa, ya daɗe yana kallon dutsen ta hannun hagunmu, sannan ya duba agogo ya gane awa nawa na bar shi. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi sitiyarin da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya riƙa buɗe min yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Maganar juyawa ba wanda ya sake tada ta. Saura kusan rabin mil 695 na gasar kafin Sherbur a Faransa, ba na'ura, ga tsibiran Sili a gabanmu. Mako mai zuwa in sha Allah zan ba ku labarin yadda iska ta ɗauke mana cak a can.