Mun Fito da Tsoro Tsakar Rana: Inda Muka Kai da Buɗewar Fim Ɗinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon ɗaukar fim da waya. Yau makonmu shida ke nan a kan aikin da aka ba mu, wato mintuna ukun farko na fim ɗin tsoro. Mu biyar ne, dukanmu 'yan Garwa ta Kamaru, kayan aikinmu kuma waya biyu ne da ƙafar kyamara guda da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga. Ga inda muka kai.

Makonni biyun farko mun yi su ne a kan tafarkin da kowa ya sani. Malaminmu ya nuna mana buɗewar fim ɗin Halloween na 1978, inda kyamara ta zama idon mai kisa tana zagaya gida cikin dare, da ta Scream na 1996, inda waya ke ƙara yarinya tana ita kaɗai a gida. Ya ce mu lura da abin da ke maimaita kansa: dare, kaɗaici, wurin da ba mai jin ihunka, kiɗa mai hawa a hankali, sai firgita ta ba-zata. Muka rubuta namu a kan wannan ma'auni, muka ɗauka bayan isha a wani kango. Abin bai yi ba. Wayar da ba ta samu haske ba cika hoto take yi da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero, fuskoki su narke cikin baƙi. Da muka koma ɗaki muka kunna ƙwan lantarki, sai ga layuka suna yawo a hoton. Wannan kam mun gano maganinsa, ku riƙe shi: wutarmu a Kamaru bugu 50 take yi a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma a kan firam 30 suke zuwa, wato hoto 30 a daƙiƙa. Ku mayar da ita 25, layukan za su kwanta.

Amma ko da hoton ya fito, akwai abin da ya fi damuna. Da na nuna wa ƙannena, kallo kawai suka yi kamar suna kallon tsoron wasu mutane. Kango da dare da kiɗa ba su taɓa musu komai ba.

Kakata ce ta juya mana aikin ba tare da ta sani ba. Wata rana da azahar ta kusa, Inna ta aiki ƙanwata sayo gishiri, sai Kaka ta ɗaga murya daga ɗaki: "Ke, da wannan tsakar ranar za ki aiki yarinya? Ku bari rana ta karya." Na tsaya na ce, "Kaka, me ke cikin tsakar rana?" Ta ce, "Kai ma ka sani. Lokacin mutanen ɓoye ne. Kuma in ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kira ba, kada ka amsa." Duk wanda ya tashi a gidan Hausa an faɗa masa wannan. An hana mu zama gindin tsamiya, an hana mu watsa ruwan zafi ba bismilla, an ce mu kauce wa guguwa. Tsoron da aka shuka mana tun muna yara yana nan a tsakar rana da almuru, mu kuma mun tafi nemansa a inda finafinan Amurka suka ajiye nasu.

Sai muka sake rubutu gaba ɗaya. Yarinya ce, ƙanwata ke fitowa a matsayinta, a fim ɗin mun sa mata suna Ladi, an aike ta da kwano ƙarfe ɗaya na rana. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san yadda zafi ke haura digiri 40, unguwa ta yi tsit, awaki su lafe jikin katanga, ko masu babur su nemi inuwa. Ladi tana tafiya a lungu, ba kowa. Sai ta ji muryar mahaifiyarta daga gaba, wajen tsamiya, tana kiranta a hankali. Mai kallo kuwa ya riga ya ga uwar a tsakar gida tana tankaɗe, a baya. Kira na ɗaya, Ladi ta tsaya. Na biyu, ta waiga gida. Na uku, bakinta ya buɗe za ta amsa, sai mu yanke zuwa sunan fim.

Da na kai wa malam takardar, ya ce ba mu ne farkon masu fito da tsoro cikin rana ba, ya ambaci Midsommar na 2019 wanda kusan dukansa cikin haske aka yi shi. Na ji daɗin hakan, domin ya nuna hanyar tana ɓullewa. Ya kuma ja mana kunne cewa wanda zai karya ƙa'ida ɗaya sai ya riƙe sauran da kyau, in ba haka ba mai kallo ba zai gane irin fim ɗin da yake kallo ba. Don haka mun bar kaɗaicin yarinyar yadda yake. Mun bar wa kyamara aikin leƙe: akwai ɗauka guda daga bayan kututturen tsamiya, ganye ya tare rabin hoton, wayar tana ɗan motsi a hannu kamar mai numfashi. Kuma ba mu nuna abin da ke kiran ba, ko inuwarsa. Fim ɗin Jaws na 1975 ya daɗe kafin ya nuna kifin da ke cin mutane sosai, kuma ɓoyewar ce ta riƙe mutane. Mu da ba mu da kuɗin kwalliyar dodo, wannan ƙa'idar rahama ce.

Ɗaukar rana tana da nata wahalar. Wayata ta ɗau zafi ta daina ɗauka sau uku a yini guda, har muka koma naɗe ta da farin ƙyalle muna ajiye ta kusa da randa tsakanin ɗauka da ɗauka. Dole ku kulle hasken kyamara da hannu, domin in kun bar waya ta zaɓa da kanta, duk sanda yarinya ta shiga inuwa hoton zai yi tsalle. Rana a tsakar ka tana jefa inuwa cikin kwarmin ido, abin da masu ɗaukar biki ke gudu. Mu mun so shi a hoton nesa, amma a na kusa mun riƙe farin kwali ƙasa da haɓarta don idon ya fito, tunda a idon ne duk labarin yake.

Kafin mu kafa kyamara a gindin tsamiyar sai da Kawu ya raka mu wajen Jauro, wato mai unguwa, muka nemi izini, kuma Kaka ta sa muka yi addu'a. Ban ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci ba. Mutanen unguwa suna girmama wurin, ƙanwata ce kuma za ta tsaya a can.

Inda muka fi daɗewa shi ne sauti, kuma nan ne muka yi gardama mai zafi. Abokin aikina da ke tace mana hoto a manhajar CapCut ya dage sai an sa kiɗa mai hawa, da bugu mai ƙarfi a kira na uku, domin a cewarsa haka ake yi. Ni na ce shirun ranar ya isa. Muka yi kala biyu, muka nuna wa mutum tara na gida da maƙwabta. A mai kiɗan an zabura, an yi dariya, an wuce. A marar kiɗan ba wanda ya yi motsi, sai wata yayarmu da ta ce a hankali, "Kada ki amsa." Da ya ji haka shi da kansa ya cire kiɗan.

Shirun nan kuwa gina shi muka yi. In kun goge sauti gaba ɗaya, kunne zai ɗauka waya ce ta lalace. Mun koma lungun mun naɗi minti biyar na wurin ba mai magana, da kukan kurciya daga nesa, da injin niƙa can ƙarshen unguwa. Takun silifas da ƙarar kwano a ɗaki muka sake yin su muna kallon hoton. Dabarar da ta fi yi mana aiki ita ce janye sautukan ɗaya bayan ɗaya: a kira na farko injin niƙa ya mutu, a na biyu kurciya ta yi shiru, a na uku ba abin da ya rage sai numfashin Ladi. Ba wanda ya lura an cire wani abu, amma kowa ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi.

Yanzu muna da minti biyu da daƙiƙa arba'in, ɗauka goma sha tara. Abin da bai zauna ba shi ne muryar kiran. Inna ce ta yi mana, da makirfo a bakinta, shi ya sa ta fito kamar tana raɗa a kunnen mai kallo alhali ya kamata ta taso daga gindin bishiya. Mun gwada ƙara mata amsa-kuwwa a waya, sai ta koma irin muryar aljanin wasan kwaikwayo, wadda ba uwar da ke magana da ita. Ina so ta kasance muryar Inna sak, mai taushi, irin wadda yaro ba zai iya ƙin amsawa ba. Ranar Asabar za mu kai ta lungun da kanta, ta tsaya taku ashirin daga makirfo ta yi kiran, mu ji ko iskar wurin za ta ba mu nisan da muke nema. In akwai wanda ya taɓa naɗar murya daga nesa da waya ba tare da iska ta cika ta da huci ba, ina neman shawararsa kafin ranar.