Talata: marmara, hama da faifan zarto

Tun da sassafe Alhaji mai aikin ya kira ni, wai katafila ta tsaya. Ba lalacewa ta yi ba, ƙasa ce ta ƙi. Aikin lambatu muke yi a wata unguwa ta wajen Goron Dutse, ga zafin bazara, ga kowa na so a zuba kankare kafin ruwan farko. Jar ƙasar sama ta kwasu lafiya lau, amma da rami ya kai ƙugun mutum sai bokiti ya ci karo da marmara, wani wajen ma baƙin dutse ne a shimfiɗe.

Na tarar da direban, dattijo ne da muke ce wa Baba, ya kashe inji yana zaune a inuwa. Ya ja ni ya nuna min haƙoran bokitin. Duk sun dakushe sun yi sumul, ɗaya ma ya fice ya bar gurbi.

"Injiniya, wannan bokitin na yashi da taɓo ne. In na ci gaba da ƙwaƙula da shi, walda ce za ta ɓalle, a ce ni ne."

Gaskiyarsa. Faɗi ma ya yi wa aikin yawa, ramin da yake buɗewa ya fi abin da ke kan takarda, kuma duk ƙasar da aka kwashe a banza sai an biya tifa ta maido ciko.

Can sai ga Alhaji da waya a hannu. Bidiyo ya gani na wani ƙaton zarto da ake ɗaura wa hannun katafila, yana tsaga dutse sumul, gefe da gefe a miƙe. Ya ce shi yake so. Na ce ranka ya daɗe, abin yana da kyau, amma a tambayi wane dutse yake yankawa. Mai haƙoran ƙarfe ɗin nan a dutse mai taushi yake more aiki, irin na farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato. Namu na Kano gurenet ne, dutse mai tsananin tauri, sai faifai mai daimon, da ruwa yana zuba ba tsayawa, da famfon haidirolik mai iya ciyar da shi. In ya tsaya kuma, wa zai kwance shi a nan? Dutsen da muka tarar 'yan wurare ne kawai. Ya yi shiru, sannan ya ce to a nemo hama, irin wadda ake ɗaura wa hannun katafila tana fasa dutse. Ni ma abin da ke raina ke nan.

Bayan azahar muka nufi Ƙofar Ruwa da Baba. Mai bayar da hayar yana da guda biyu, ya fara nuna mana babbar, ya ce ita ba ta jin dutse. Amma katafilarmu Caterpillar 320 ce, ajin tan 20, ita kuwa hamar ta ajin tan 30 ce. Famfonmu ba zai ba ta man da take buƙata ba, bugunta zai yi sanyi, nauyinta kuma ya riƙa cin hannun motar har ya tsage. Ƙaramar muka ɗauka, mai baki mai kaurin milimita 140. Baba bai yarda da ganin ido ba. Ya fito da tef ya auna ramin fil da faɗin kunnuwan da za su kama hannun, ya girgiza bakin ya ji ko bushin, zoben da ke riƙe bakin, ya sake, ya sa aka gwada iskar naitirojin da ke ba hamar ƙarfin bugu a gabansa. Har tiyo sai da ya bi da yatsa yana neman tsagewa. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Baba, aure za ka yi da ita?" Baba ya ce in ta fashe a hannunsa ai ba mai shago za a kira ba.

Zarto dai sai da muka saya masa faifai, amma na ƙasa, wanda ake turawa da hannu, domin lambatun zai tsallaka titi. In aka sa hama kai tsaye a kwalta, fashewar sai ta bi ko'ina, gyaran ya fi aikin. A fara tsaga layi biyu, sannan bokiti ya ɗaga tsakiya. Yaron shagon ya miƙo min faifan kankare ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kwalta tana da taushi amma tana cin faifai saboda yashin cikinta, don haka nata ƙarfen da ke riƙe daimon ɗin mai tauri ne. Na kankare da dutse kuwa riƙonsa mai laushi ne, yana zaizayewa sabon daimon na fitowa. Ka sa shi a kwalta, nan da nan ya ƙare. Na ɗauki mai inci 18, don mai inci 14 bai wuce zurfin santimita 12 ba. Na kuma yi magana da mai ruwan kura ya tsaya mana gobe. Busasshen yanka yana ƙona faifai, ƙurar kuma huhun yara take zama, su kuwa ko takunkumi aka ba su a haɓa suke rataye shi.

Da la'asar aka ɗaura hamar. Baba ya dafa bakin a gefen dutsen, ba tsakiya ba, ya buga 'yan daƙiƙu ya ɗaga ya sauya wuri. Ba ya barinta ta buga iska, ba ya ɓanɓara da ita. A karo na gaba dutsen ya dare. Yaran unguwa suka yi ihu.

Sai dai wata tsohuwa ta fito ta ce katangarta na rawa, kuma ginin ƙasa ne. Na sa aka tsaya daga nan. Gobe wajen gidanta leburori ne za su bi da diga, ko da zai ci mana wuni. Sai kuma in tuna da giris na bakin hamar, wanda muke da shi ba zai kai azahar ba.