Kwanbatar giya bayan an ɗora sufacaja: wace lamba ta dace da titin Kano?

Duk wanda ya ɗora wa Tundra ko F-150 ɗinsa sufacaja, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska domin ƙara masa ƙarfi, abu na gaba da za a zuga shi a kai shi ne ya cire kwanbatar kamfani, wadda ke haɗa inji da giyar otomatik, ya sa mai babban sitol, 3,000 ko fiye. A ganina, ga yawancin motocin da ke yawo a Kano, wannan shawara ce mai ƙona giya.

Sitol shi ne iyakar zagayen da inji zai kai a minti ɗaya alhali mota na cikin giya kuma tayoyi ba su motsa ba. A cikin kwanbata akwai fanka biyu da ke fuskantar juna cikin man giya, inji na juya ɗaya, ɗayar kuma tana haɗe da giyabos, sai wata ƙarama a tsakiyarsu mai karkatar da man domin ƙara ƙarfin tashi. Kwanbatar kamfani a irin waɗannan manyan motoci takan kama a wajajen 1,800 zuwa 2,200.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: lambar da aka rubuta a kwali ba a kafe take ba. Kwanbata ɗaya za ta ba da sitol daban a injuna daban, domin sitol yana hawa ne tare da ƙarfin juyin inji. Idan ƙarfin ya ninka huɗu, sitol zai ninka biyu. Ɗauki Tundra mai injin 5.7 V8, wadda ta fito daga kamfani da ƙarfin juyi 401 lb-ft. Sufacajar TRD, ta kamfanin Toyota, tana kai shi 550. Wannan ƙari kaɗai yana ɗaga sitol da kusan kashi 17 cikin ɗari, wato kwanbatar da ke kamawa a 2,000 ta koma wajen 2,340 ba tare da an kwance ko noti ɗaya a jikinta ba. To ka ga wanda ya sayo mai 3,000 da aka auna da injin da ba a taɓa ba, zai tsinci kansa a wajen 3,500.

Sai a duba irin sufacajar. Irin su Magnuson da Whipple suna tura iska tun inji na ƙasa-ƙasa, da an taɓa totur ƙarfi ya iso. Waɗannan ba sa neman babban sitol. 2,200 zuwa 2,600 ya wadatar, fiye da haka tayoyin baya ne kawai za su riƙa karce kwalta, tunda bayan motar ba nauyi. ProCharger da Vortech kuwa sai inji ya hau sama suke fara cika, don haka su ne ke amfana da 2,800 zuwa 3,200.

Babbar matsalarmu a nan zafi ne. Duk santsin da kwanbata ke yi kafin ta kama, zafi yake komawa cikin man giya. Ka haɗa wannan da ranar watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga cunkoson Kurna ko na Kantin Kwari, ana taka burki ana saki, kulocin da ke kulle kwanbata bai samu gudun da zai shiga ba. Man giya yana son zama tsakanin digiri 80 zuwa 95. Idan ya riƙa haura 120, sai ya yi duhu, ya fara ƙauri, robobi su bushe, kulocin cikin giya su fara zamewa. Mai jan tirela ko ɗaukar buhuna daga Dawanau kada ma ya wuce 2,400, kuma ya ƙara wa man giya nasa ƙaramin lagireto a gaba, da agogon zafi a gaban direba.

Kafin ka kashe kuɗi, auna wadda ke jiki. Inji da giya su ɗumama, a fili inda ba mutane, ka bar mota na tafiya a hankali, ka danna totur ƙasa gaba ɗaya, ka duba inda allurar zagaye ta yi tsalle ta tsaya kafin mota ta zabura. Wannan ita ce lambar gaskiya. Gwajin danne burki da totur tare yana nuna ƙasa da haka, kuma kada ya wuce daƙiƙa biyar.

In za ka yi oda, ka faɗa musu irin sufacajar, ƙarfin juyin da zagayen da yake cika, nauyin mota, girman taya, da lambar giyar baya. Ka nemi mai kuloci fiye da ɗaya a ciki, domin guda ɗaya na kamfani shi ke fara karkarwa idan ƙarfi ya ƙaru. Kwanbata ta hannu da ake samu a Ƙofar Ruwa ba a iya ganin cikinta, an walde ta ruf, kuma in giyar da aka ciro ta ta ci ƙarfe, dattin yana nan ciki.

Wajen ɗaurawa, a zuba mata kamar lita ɗaya na man da kamfani ya ce, WS ga Toyota. A tura ta ana juyawa har ta zauna mataki-mataki cikin famfo. Bayan an ɗaure giyabos, ya kamata a ga tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da farantin filawil. Idan babu tazara, ba ta zauna ba, kuma ƙarasa ta da ƙarfin noti zai fasa famfon giya tun kafin a fita daga gareji.