Abin da nake faɗa kafin in yi allura

Shekara shida na yi ina aikin jinya a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata kafin in koma karatu. A lokacin, allurar kashe zafi lissafi ce kawai a wurina: miligiram kaza, bayan awa kaza, in cike kati in wuce gado na gaba. Sau da yawa ko fuskar mai ciwon ba na kallo.

Wani bincike na Jami'ar Oxford da Ulrike Bingel da Irene Tracey da abokan aikinsu suka fitar a 2011 ne ya kunyata ni. Mutum 22 lafiyayyu aka kwantar cikin na'urar MRI mai nuna inda ƙwaƙwalwa ke aiki, ana ɗana musu zafi a ƙafa, ana ɗura musu remifentanil ta jijiya. Maganin kashe zafi ne mai ƙarfi, dangin mofin, mai saurin kamawa da saurin saki. Kafin magani, sun ce zafin ya kai 66 cikin 100. Da aka saki maganin ba da saninsu ba, ya sauko 55. Aka ce musu an fara, ya faɗo 39. Sai aka ce an tsayar, alhali ko ɗigo ba a rage ba. Zafi ya koma 64.

Na so in yi gardama, na ce ai son faranta wa likita ne. Hotunan ƙwaƙwalwarsu suka rufe mini baki. Da suka sa rai da sauƙi, sassan da ke karɓar zafi sun lafa, hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi ta danne ciwo ta motsa. Ashe jiki na da nasa sinadarin irin mofin, wanda John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano a Aberdeen tun 1975.

Ban ce baki zai maye gurbin magani ba, wanda aka farke wa ciki allura yake so, ba lallashi ba. Amma yanzu sai na tsaya a gefen gado, in nuna sirinjin, in ce, "Baba, ga maganin zafin. Ba da jimawa ba za ka ji sauƙi, kuma zan dawo in duba ka." Kuma ina dawowa.

Ranar Talata na ji wata ɗalibarmu tana ce wa wata tsohuwa, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba shi da ƙarfi, shi kaɗai ya rage." Na bari ta gama, sannan na ja ta baranda.